Garin maɗacin da ba shi da ɗaci

Rabi'atu, Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun Juma'ar da ta wuce. Inna ta aike ni in sayo mata garin maɗaci, don ta saba jiƙa shi idan ciki ya dame ta. Na sayo ƙulli biyu na dala ɗari wurin wani mai shimfiɗa a bakin kasuwa. Ta jiƙa da dare, da asuba ta kurɓa sau ɗaya ta aje kofin ta ce, "Rabi, wannan ba maɗaci ba ne." Launin ja-ja ne kamar na gaske, amma ɗacin nan mai kama maƙogwaro ya wuni a baki babu shi, sai bauri kawai. Na koma wurin mutumin, ya rantse shi ma da sunan maɗaci aka sayar masa da buhun. Na kuwa yarda da shi, don gari ne, ba abin da ido zai kama.

Ni ɗalibar kimiyyar tsirrai ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. An koya mana cewa ana iya ɗibar gari irin wannan a karanta ƙwayoyin gadonsa, abin da muke ce wa ADN, ƴan Najeriya su ce DNA, a faɗi ko daga wane itace ya fito. Ina so in ɗauki wannan a matsayin aikin kammala karatuna. Kuna ganin zai amfani Maraɗi, ko in nemi wani abu?

Hajiya Tsahara, Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Ita babba ce, harshenta ya gaya mata. Ni abin da ke hana ni barci daurin jarirai ne. Jinjiri ɗan kwana arba'in a ɗura masa jiƙo, ba ya iya cewa wannan ba shi ba ne. Da kakarmu ke haɗa mana, da hannunta take zuwa ta ɗebo. Yanzu ƙullin leda ne.

Malam Ilu mai magani, Tibiri:
Ɗana ne ka rubutawa, ni ina faɗi. Ɗiyata Rabi, Inna ta yi gaskiya. Shekara arba'in da ɗoriya ina wanga aiki, ga mahaifina na gaje shi, kuma mu da munka tashi ba mu san sayen gari ba. Sassaƙe ake saye, mutum ya juya shi ya duba bayansa da cikinsa. Maɗaci bayansa toka-toka ne mai ɓamɓaroki, cikinsa ja kamar nama. Madobiya in ka sare ta jini take zubarwa. Saiwar sanya ko cikin duhu ka karya ta ka san ita ce, don warin man zafi take yi. Hano ɓawonsa salewa yake kamar takarda, ga ƙamshin ƙaronsa. Ba mai ruɗa ni da ɗayansu.

Amma in anka daka, ni kaina sai dai in dogara ga harshe da hanci. In anka gama uku ko huɗu wuri ɗaya, harshen ma ya rikice. Kuma ku tambayi kanku mi ya sa gari ya yi yawa. Icen ne babu. Da ina yaro, in na fita da gatari da hantsi, kafin azahar na komo da ƙirya da madobiya da taura. Yau sai an yi kudu, wajen Gabi da dajin Baban Rafi, can kuwa kowa ya san halin da ake ciki da ɓarayin daji. Wanda ya samu mudu ɗaya na gaske sai ya ƙara mai mudu biyu na abin da ya samu, ya daka.

Sabi'u, Ɗan Isa:
Allah ya ƙara girma Baba. Ni dai Rabi'atu ki yi mana bayani da Hausar kasuwa. Ta yaya inji zai san sunan icce? Shi ya taɓa shiga daji?

Rabi'atu:
To Yaya Sabi'u. Kowane abu mai rai, mutum ko dabba ko itace, akwai wani rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa wanda ya gada daga iyayensa. Haruffa huɗu kacal ake rubuta shi da su, masana suka sa musu A, T, C da G. Rubutun na da tsawo ƙwarai, amma ba a buƙatar karanta shi duka. Akwai ƴan gajerun wurare da duk maɗaci yake rubuta su iri ɗaya, ita kuwa madobiya ta rubuta su daban.

Ka san layukan nan baƙaƙe da ke jikin kwalin kaya a kanti, waɗanda ake haskawa farashi ya fito? Daga nan aka aro tunanin. Wani masani a Jami'ar Guwelf ta Kanada, Paul Hebert, shi ya gabatar da shi a 2003, da farko kan dabbobi. Wurin da ya zaɓa bai yi aiki sosai ga tsirrai ba, sai a 2009 wani taron masana suka amince da wurare biyu, rbcL da matK, dukansu daga ɓangaren da ke ba ganye launin kore. Masu aikin tsirran magani kan ƙara da na uku, ITS2.

A ɗakin bincike ana niƙa abin, a zuba masa wasu ruwaye da ke fito da ADN ɗin, a sa a na'urar PCR ta kwafi ɗan guntun nan sau miliyoyi, sannan wata na'urar ta karanta haruffan, ɗari biyar zuwa ɗari takwas. Sai a je rumbun bayanai a intanet, kamar GenBank ko BOLD, a ga da wane itace ya yi daidai.

Sabi'u:
Wato dai injin bai san komai ba sai abin da wani ya riga ya zuba masa.

Mamman Sani, Faransa:
Sabi'u ka taɓa inda ciwon yake. Shekara uku ke nan ina wannan aikin da hannuna, bari in faɗi abin da ba a cika faɗa a aji ba, don ƙanwata Rabi'atu ta shiga da ido buɗe.

Rumbun bayanan nan mutane ne suka cika shi. In ba wanda ya taɓa karanta itacen ya ajiye, na'ura za ta ba ki sunan ɗan'uwansa mafi kusa, ke kuma ki ɗauka shi ne. In wanda ya ajiye ya yi kuskuren suna tun a daji, kuskuren zai bi duk wanda ya zo bayansa. Itatuwan yankinmu na Sahel kuwa ba su samu kulawar da na Turai da Amurka da Sin suka samu ba.

Sannan su kansu masanan 2009, a gwajin da suka yi, wuraren biyu sun raba iri da iri ne kashi 72 cikin ɗari. Dangi kam suna gane shi kusan kullum. Raba maɗaci da madobiya ko da marke abu ne mai sauƙi, don zuriyarsu ta yi nisa. Amma namu maɗacin, Khaya senegalensis, yana da ƴan'uwa a ƙasashen kudu, irin su Khaya grandifoliola, kuma raba ƴan gida ɗaya irin haka yakan gagari gajeren karatu, sai an ƙara wasu wuraren.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ɓawo. Ganye ɗanye da aka busar da kyau yana ba da ADN tas. Sassaƙe kuwa cike yake da sinadaran nan masu bauri, irin waɗanda majema ke nema a bagaruwa, kuma suna hana PCR tafiya. Na taɓa yin mako biyu kan sassaƙe guda ina maimaitawa, ba abin da ya fito. Balle wanda ya sha ranar kasuwa wata shida, ko tsimin da aka dafa aka zuba a jarka. Zafi na gutsuttsura ADN. Akwai dabarar karanta guntaye ƙanana, amma tana rage tabbaci.

Rabi'atu:
Na gode Yaya. Ke nan garin Inna ma ba lalle ya karantu ba?

Mamman Sani:
Gari busasshe da ba a dafa ba akwai fata. Ki adana shi a inuwa cikin kwalba mai murfi. In cakuɗe ne, karatun zai fito a harɗe, haruffa bisa haruffa, kuma wannan kansa shaida ce cewa ba itace ɗaya ba ne. Rarrabe su ɗaya bayan ɗaya sai da wata na'urar da ta fi tsada.

Sabi'u:
To ku ji ta bakina, don ni ne mai ɗaukar buhun. Ina sayen sassaƙe a ƙauyuka in kai Maraɗi, wani lokaci in tsallaka da shi Jibiya. Ribata a buhu ba ta kai abin da kuke zato ba. Ƙullin dala hamsin za a kai ɗakin bincike? Wa zai biya? Kuma na san inda maganar za ta ƙare. Yau gwaji ne, gobe a tare ni a hanya a ce buhuna na da icce haramtacce, a karɓe, a ci ni tara. Masu manyan motocin gungume su wuce, talaka mai kura ya kwana a hannu.

Kawu Laminu, Madarumfa:
Sabi'u, na yi shekara talatin a aikin gandun daji kafin in aje, kuma ba zan ce maka ba a taɓa zaluntar talaka ba. An yi. Amma ka zo in nuna maka maɗatan bakin hanya da iyayenmu suka sha inuwarsu. Daga ƙasa har iya inda hannu ke kaiwa babu ɓawo, wasu har tsani ake kafawa. Itace ta ƙarƙashin ɓawonsa yake sauke abinci daga ganye zuwa saiwa. In ka sassaƙe gefe ɗaya zai rufe a hankali. In ka kewaye shi ka yanke masa hanya, shekara ɗaya biyu ya bushe a tsaye. Sanya kuwa saiwarta ake tonowa, in an zurfafa ba ta sake tashi.

Kuma abin ya wuce Maraɗi. Madobiya, wadda masana ke kira Pterocarpus erinaceus, an yi ta sararta a Afirka ta Yamma ana lodawa zuwa Sin don kujeru da gadaje masu tsada, har aka sa ta a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, mai tsara cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, dokar ta fara aiki a 2017. Ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta lissafa ta cikin masu fuskantar ƙarewa a 2018. A taron CITES na Panama a Nuwamban 2022 aka ƙara da maɗatan Afirka da kawo da sauran dangin madobiya. Shiga jeri na biyu ba ya nufin an haramta, yana nufin ba a fitarwa ƙasar waje sai da takarda. To jami'in da ke bakin iyaka, an kawo masa katako an fere, ba ganye ba fure, an rubuta wani suna a takarda, da me zai ƙaryata? A nan ne gwajin nan ya fi kama manyan da kake magana, ba mai kura ba.

Sabi'u:
Kawu, a takarda haka ne. A hanya ni na san wanda ake tsayarwa.

Kawu Laminu:
Ban musa ba. Amma ka gaya mini gaskiya, buhun madobiya nawa kake samu yanzu a wata, nawa kake samu shekara goma baya?

Sabi'u:
Bana tun bayan girbi ban haɗa buhu ɗaya cikakke ba.

Dakta Hadiza, mai farmasi:
Ina bin ku tun safe, aiki ya hana ni magana. Rabi'atu, ki yi aikin, amma kada ki bari a ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. ADN ɗin saiwa da na ganye da na ɓawon itace guda duk ɗaya ne, alhali ƙarfinsu a jiki ba ɗaya ba. Gwajin zai ce miki sanya ce, ba zai ce miki an zuba abin da ya wuce kima ba, saiwar sanya kuwa guba ce idan ta yi yawa. Ba zai ga ƙwayar bature da aka niƙa aka gauraya don mai sha ya ji sauƙi nan take ba. Ba zai ga funfuna ko ƙasa ba. Waɗannan aikin awon sinadarai ne.

A 2015 babban lauyan jihar Niyok a Amurka ya sa aka yi wa wasu magungunan ganye na kanti irin wannan gwajin, aka ce da yawa ba a ga tsiron da aka rubuta a kwalba ba. Masana suka taso suka ce ai abin da aka tace aka sarrafa sau da yawa ba ya rage ADN da za a karanta, don haka rashin gani ba hujja ba ce. In ƙasar da ke da kayan aiki ta yi tuntuɓe a nan, mu sai mu taka a hankali kafin mu kira wani maƙaryaci a kasuwa.

Duk da haka ina goyon baya, saboda maganar Hajiya. Akwai itatuwan da ɓawonsu ke kisa, irin gwaska. Ranar da aka kawo yaro asibiti ya sha jiƙo, uwa ta miƙo ragowar ƙulli, abin da likita ke so ya sani shi ne mene ne a ciki.

Hajiya Tsahara:
Wallahi Dakta kin faɗi abin da ke raina.

Malam Ilu:
Na saurari kowa. Mamman Sani ya ce injin sai an koya mai. To wa za ya koya mai? Mu ne. Ɗiyata Rabi za ta zo in kai ta gindin icce in ce wanga shi ne, ta tsinki ganye ta tahi. Ba yau anka fara ba. Wasu sun taɓa zuwa gidana da mota, sunka zauna kwana biyu suna rubutu, na ba su abin da ubana ya ba ni, ko sunana ban san sun rubuta ba, har yau ban sake jin ɗuriyarsu ba. Ba kuɗi nike magana ba. In an kai ganyen ƙasarmu waje an karanta, na wa ne karatun?

Mamman Sani:
Baba, tambayarka ƙasashen duniya sun yi shekaru suna jayayya a kanta. Akwai yarjejeniyar Nagoya ta 2010, ta fara aiki a 2014, Nijar na cikinta. Ta ce ba a ɗaukar tsiro ko ilimin gargajiya na wata al'umma sai da yardarsu tun farko, kuma in amfani ya fito a raba da su. Aiwatarwa ce ke da rauni, musamman idan haruffan sun riga sun hau intanet.

Amma gajeren karatun da Rabi'atu ke nufi suna kawai yake faɗi. Ba ya ɗauke da yadda kake haɗa magani, ko awo, ko lokacin ɗiba. Wannan naka ne, kada ka faɗa wa kowa in ba ka so. Abin da za ta roƙa shi ne ka nuna itacen ka faɗi sunansa.

Kuma sunan ma akwai aiki a kansa. Kalgo da muke faɗi iri biyu ne a wurin masana, Piliostigma reticulatum da Piliostigma thonningii. Faru ma ya haɗa fiye da iri ɗaya na dangin Lannea.

Malam Ilu:
Kalgo biyu ne, wannan ba sai bature ya gaya mini ba. Na tudunmu ƙaramin ganye gare shi mai santsi, na kudu ganyensa ya fi faɗi, bayansa da gashi-gashi. Ni na gida nike ɗiba.

Rabi'atu:
Baba, wannan da ka faɗa yanzu shi nake nema. A littafi sai na haddace sunayen biyu, kai kuma ka san su da hannu. Ga alkawarina a gaban jama'a: duk itacen da ka nuna, sunanka zai hau takardarsa in ka yarda, zan karanta maka abin da na rubuta da Hausa kafin in miƙa, kuma sakamako zai zo Tibiri kafin ya je ko'ina.

Abin da nake tunani ƙarami ne. Itace goma sha biyu da aka fi nema a kasuwa, kowanne a samu gindi biyar a wurare daban-daban. A tsinki ganye a busar cikin ƴan ƙwayoyin nan masu shanye danshi, irin na cikin kwalin sabon takalmi. A danne reshe mai fure ko ɗiya tsakanin jaridu a ajiye, don ko bayan shekara ashirin wani ya iya duba ko mun yi kuskure. Sai an gama wannan sannan a taɓa garin kasuwa.

Kawu Laminu:
Ki ƙara abu ɗaya. Duk gindin da kuka samu ki rubuta inda yake, amma kada ki sa a intanet, don wasu za su riga ki zuwa da gatari. Ki kai wa ma'aikatan gandun daji da mai gari.

Dalilina shi ne iri. Sassaben zamani, wato barin kututture ya sake toho a gona a rene shi, wanda Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, da manoman yankin nan suka soma a 1983, ya mayar da itace a kan hekta wajen miliyan biyar a Nijar, duniya ta shaida. Amma ku shiga gonakin Agye da Tasawa ku ƙirga: gawo, kalgo, sabara, aduwa. Abin da kututturensa ko irinsa ya rage a ƙasa shi ya tashi. Ƙirya da madobiya da maɗaci sai ɗai-ɗai, don maƙera da masassaƙa turmi da masu magani sun riga sun kai ga gindin. Waɗannan sai an reni irinsu an dasa. Irin maɗaci kuwa ba ya jimre ajiya, in ya daɗe ba ya tsira, dole a san uwar da za a je a tara a kan lokaci.

Sabi'u:
Ni har yanzu ina tsoron tarar nan. Amma na san wani tsoho wajen Gabi da ke da madobiya uku a gonarsa, ya hana kowa taɓawa, ni ma ya kore ni sau biyu. In za ku je ba da kaki ba, zan yi muku jagora. Kuma akwai ragowar buhu biyu a shagona da ni kaina ina shakkar abin da aka zuba mini. Ki zo ki ɗiba, amma kada sunana ya fito.

Rabi'atu:
Ba zai fito ba Yaya Sabi'u, lamba zan sa wa kowane ƙulli. Zan fara kai maganar wurin malamina, don sai da takardar izini za a ɗebi ganye a fitar. Gabi kuma sai mun ji yadda hanya take.

Malam Ilu:
Ku bar Gabi tukuna. Ki fara zuwa Tibiri ran Lahadi bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Akwai ƙirya guda bayan gonar ƙanena da wani tsohon maɗaci kusa da gulbi da sunka rage. Ki zo da ragowar garin Inna, ina so in ɗanɗana shi da bakina kafin ki kai wa injin.